Ɗan gidan waye wannan jarumin naku?

Don Allah a daina turo mini zanen nan. Na gani tun shekaranjiya, kuma ban ga abin tafi a cikinsa ba.

Wai sabon jarumin Afirka. Ƙato, ƙirji a waje, an ja masa farar ƙasa layi uku a kumatu, wuya cike da haƙoran namun daji, mashi a hannu, rana tana faɗuwa a bayansa kan wata bishiya guda tal. Fatar da ya yafa kuwa ta damisar Asiya ce, mai ratsi-ratsin nan, dabbar da ba ta taɓa kwana a dajin Afirka ba. Ku kuma kun yi layi a ƙasa kuna zuba alamar wuta da ta zuciya, wai a ƙarshe an tuna da mu. Madalla. Allah ya sanya alheri.

Tambaya ɗaya na yi wa mai zanen, cikin ladabi: ɗan gidan waye? Ya ce ɗan Afirka ne. Na ce na ji, amma wace ƙasa? Da wane harshe uwarsa take yi masa faɗa? Ya ce in daina hassada. Nahiya mai ƙasashe 54 da harsuna kusan 2,000, a dunƙule ta a mutum ɗaya marar gida marar dangi, in an yi magana kuma a ce hassada ce. To ni ina nan a kan bakata: jarumin da ba a san gidansu ba mutum-mutumi ne aka yi wa ado, ko da ya iya ɗaga jirgin ƙasa da hannun hagu.

Na san abin da za ku ce, ai Wakanda, ƙasar Black Panther, ita ma babu ita a taswira. Haka ne. Stan Lee da Jack Kirby, Yahudawan birnin New York, su suka ƙirƙiro Black Panther a 1966, kuma a fim ɗin 2018 an haɗa kayan al'ummu da yawa wuri guda. Sai dai waɗanda suka yi haɗin sun san sunan kowane abu da suka ɗauko. Bargon da masu gadin iyaka suke yafawa na Basotho ne na Lesotho, zobban wuya na Ndebele ne, harshen gidan sarauta kuwa Xhosa ne na Afirka ta Kudu, wanda ɗan wasa John Kani ya shigo da shi. Ruth Carter, wadda ta tsara kayan fim ɗin, ta ci kyautar Oscar a 2019 saboda tufafin nan, ba a banza ba. Kuma ku faɗa mini tsakani da Allah, me ya zauna muku a rai bayan an tashi daga kallo? Yaron nan ne da aka kashe ubansa aka bar shi a birnin Oakland na Amurka, ya girma da ƙullin dangin da suka watsar da shi. An san gidansu, an san laifin da aka yi masa. Naku fa, ɗan gidan waye?

Bari in ba ku misalin da ya fi ci mini rai. A 2002 Marvel, kamfanin littattafan zane na Amurka, ta fito da Sooraya Qadir a cikin jaruman X-Men, wadda ake kira Dust, yarinya 'yar Afganistan mai rikiɗa ta zama guguwar yashi. Farkon fitowarta, wani jarumi ne ya ƙwato ta daga hannun masu fataucin bayi, kuma kalma ɗaya ke fita daga bakinta: turab, wato ƙura. Larabci ke nan, alhali manyan harsunan Afganistan Pashto ne da Dari. Musulma ce, to a ba ta niƙabi, a ba ta yashi, a ba ta Larabci, an gama aiki. Wasu masu zanen ma sai su matse mata abayar a jiki har ka rasa amfanin sa ta. An ɗauki tufa an manta da wadda ke cikin tufar.

Yanzu ku ajiye wannan kusa da Kamala Khan, ita ma jarumar Marvel, wadda littafinta ya fara fita a 2014. 'Yar Jersey City ce ta Amurka, iyayenta 'yan asalin Pakistan. Shafin farko ba faɗa ake yi ba, tana tsaye ne a kanti tana shinshinar ƙamshin naman da addininta ya hana ta ci. Babanta Yusuf ya hana ta zuwa wani taron samari da 'yan mata, ta sulale ta taga. Da ƙarfin ya zo mata, abin da ta fara rikiɗa ta zama shi ne Baturiya mai gashi ruwan zinariya, don a tunaninta haka jarumai suke. Wallahi ranar da na karanta wurin nan sai da na ajiye littafin na yi shiru. Duk wanda ya taɓa raina kamanninsa saboda bai taɓa ganin irinsa a matsayin gwarzo ba ya san wannan ciwon. Daga baya an tura ta wurin limamin masallacinsu, tana jiran ruwan faɗa, sai dattijon ya zauna ya saurare ta, ya ba ta shawara. Kamala ko ɗankwali ba ta ɗaurawa yau da kullum, amma ba wanda zai tambayi 'yar gidan waye. Mun shiga gidan, mun ga yayanta Aamir, mun ji muryar uwarta.

Wani ya rubuto mini wai kenan sai ɗan ƙabila ne kawai zai rubuta ɗan ƙabilarsa. Malam, ban ce ba, kada ka sa mini magana a baki. G. Willow Wilson da ta rubuta Kamala Ba'amurkiya ce da ta musulunta, ba ta da jinin Pakistan. Amma ga Sana Amanat a gefenta, edita wadda ta tashi a irin wannan gidan a New Jersey. An yi tambaya, an saurari amsa. Matambayi ba ya ɓata. Mai zanenku wa ya tambaya? Ko sunan dabbar da ya yafa wa mutumin bai duba ba.

Sai masu cewa ai almara ce, mutumin da ke tashi sama me ya haɗa shi da asali. Superman fa? Shekara da shekaru ake maimaita mana sunan duniyar da aka haife shi, da sunan mahaifinsa na can, da manoman Kansas da suka tsince shi suka raine shi. Yaran da suka fara karatu ma sun san wane titi aka kashe iyayen Batman, sun san kawun Peter Parker da gwaggonsa da unguwarsu ta Queens. Su an ba su gida da maƙwabta da marayci. Da aka zo kan baƙar fata sai a ce mashi ya isa. Wannan rainin ne nake magana a kai, kuma abin baƙin cikin shi ne mu ne muke tafa masa.

Ko Storm ta X-Men, wadda ta fito a 1975 da farin gashi ana bauta mata a Kenya kamar wata aljanar ruwan sama, ba wannan ya riƙe ta shekara da shekaru ba. Abin da ya riƙe ta shi ne yarinyar da gini ya rufta wa a Alƙahira tare da gawar uwarta, ta tashi tana yankan aljihu a titi, har ta girma ba ta iya jure ƙuntataccen wuri. Matar da ke juya hadari da tsawa, a kulle ta a ɗan ɗaki sai jikinta ya hau rawa. An san abin da ya same ta, an san inda ya same ta.

Ba na ƙin yaron nan mai zane, Allah ya sani. Hannunsa yana da kyau, inuwar da ya yi wa kafaɗa ta burge ni. Ya cire haƙoran nan, ya zauna ya ba mutumin uwa, ya ba shi gari mai suna, ya ba shi wani abu da yake jin kunyarsa. In ya yi haka ni zan fara yaɗa shi.

Af, tun da zancen Kamala ya taso: wanda ya ari kundina na farko tun bara, ya ce kwana uku zai dawo da shi, ina ganin ka a nan kana danna alamar dariya a rubutun mutane. Ba zan kama suna ba. Bangon baya ya ɗan yage ta ƙasa, ko a cikin ɗari zan gane abina.