Ip Man: Malamin da Duniya Ta Sani Ta Baibai

Na daɗe ina jin ciwon yadda mutane suka san Ip Man ta hanyar fina-finai kaɗai, a matsayin gwarzon da ke kayar da ƙarti goma a tashi ɗaya, alhali koyarwa ce ta raya sunansa.

An haife shi a 1893 a garin Foshan da ke kudancin ƙasar Sin, a gidan masu hali. Tun yana yaro ya fara koyon salon faɗan Wing Chun a hannun Chan Wah-shun, wani dattijo ɗan canji, kuma shi ne autan ɗalibansa. A wancan zamani ilimin a ɓoye yake, ba kowa ake ba shi ba, sai wanda malami ya yarda da shi.

Da 'yan kwaminisanci suka karɓi mulki a 1949, sai ya bar aikin ɗan sanda ya tafi Hong Kong ba ko sisi, yana da shekara hamsin da 'yan kai. Bayan an rufe iyakar Sin da Hong Kong bai sake ganin matarsa ba har ta rasu a 1960. Cikin wannan ƙunci ne ya fara koyarwa a ofishin ƙungiyar ma'aikatan gidajen abinci, inda masu dafa abinci da masu raba shi suka zama almajiransa. A ganina nan girmansa yake: ɗan masu kuɗi ya zauna da talakawa ya buɗe musu abin da a da ake rowarsa. Wasu za su ce yunwa ce ta tilasta masa, kuma ban musa ba, amma yunwa ba ta sa mutum ya yi shekara ashirin yana gyara wa ɗalibi gwiwar hannu cikin haƙuri.

Ku dubi darasin farko, Siu Nim Tau. Ɗalibi zai tsaya wuri guda, gwiwoyinsa a karkace ciki, yana miƙa hannu ɗaya a hankali kamar mai tsoron tada barci, ba ya ɗaga ƙafa ko sau ɗaya. Daga baya sai Chi Sau, inda mutum biyu ke haɗa hannuwa suna juyawa, har fata ta riƙa jin niyyar abokin karawa kafin ido ya gani.

Ana yawan auna shi da Bruce Lee, wanda ya zo wurinsa yana matashi, amma ana mantawa da sauran almajiransa irin su Leung Sheung da Wong Shun-leung, waɗanda suka zauna suka ci gaba da koyarwa.

Makonni kaɗan kafin rasuwarsa a ranar 2 ga Disamba, 1972, ciwon dajin maƙogwaro ya riga ya cinye shi, amma ya sa aka ɗauki hotonsa mai motsi yana yin darussan a gidansa. Na kalla sau da yawa: tsoho ne ramamme a gaban gunkin katakon atisaye, jiki ba ƙarfi, amma kowane hannu yana sauka daidai inda ya kamata.