Ba dole sai da Turanci ba: labarin ƙungiyar Nena

Akwai maganar da nake yawan ji kuma gaskiya tana damuna, wai mawaƙan Jamus ba sa samun shiga a waje sai sun koma waƙa da Turanci. Masu faɗar haka suna da hujjarsu, don ƙungiyoyin mawaƙa na Boney M da Modern Talking duk a Jamus aka haɗa su kuma da Turanci suka yi suna.

Amma ga Nena nan. Ƙungiya ce ta mutum 5 da ta tashi a Berlin ta Yamma farkon shekarun 1980, sunan ma laƙabin mawaƙiyarsu ne, Gabriele Kerner. A 1983 suka saki 99 Luftballons da Jamusanci zalla, waƙa kan balan-balan da sojoji suka ɗauka abokan gaba ne har yaƙi ya ɓarke, lokacin kuwa katanga ta raba Berlin biyu, kowa gabansa na faɗuwa saboda makaman nukiliya. Sun yi ta Turancin daga baya, ita ce ta zo ta ɗaya a Birtaniya a 1984, amma a Amurka fa ta Jamusancin gidajen rediyo suka riƙa sakawa har ta hau ta biyu a jerin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard, mutane na bi ba su san me ake cewa ba, kiɗan da muryarta ne suka kama su.

Ƙungiyar ta watse a 1987 da kasuwarsu ta ja baya, Nena ta ci gaba ita kaɗai, kuma yawancin waƙoƙinta har yau da Jamusanci take yi.