Ka ba shi kalandar, kada ka ba shi kalmar sirri

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ofisoshinmu, daga ma'aikatun gwamnati har kamfanoni da ƙungiyoyi. Tarurruka sun yi wa oga yawa, sai ya kira sakatarensa ya ce, "Ungo kalmar sirrin imel ɗina, ka riƙa duba min kalanda." Wallahi abin nan yana damuna.

Ba zargin sakatarori nake yi ba, yawancinsu masu riƙon amana ne. Amma kalmar sirrin Google guda ɗaya ita ke buɗe Gmail da Drive da hotunan iyali da waya ke ajiyewa da kanta, har da saƙonnin shiga da fitar kuɗi da banki ke turowa. Ta wannan imel ɗin kuma ake sauya kalmar sirrin Facebook. Aike ɗaya kake so a yi maka a zaure, sai ka miƙa makullin gidan duka har na ɗakin kwana.

Alhali an tanadi hanya. A Google Calendar kana iya saka adireshin imel na mataimakinka ka zaɓa masa ɗaya daga matakan izini, kamar waɗannan huɗun: ya ga lokutan da kake da aiki kawai ba tare da bayani ba, ko ya ga cikakken bayanin kowane taro, ko ya iya gyarawa da ƙarawa, ko kuma ya iya gyara har ya ba wasu izini. Wannan na huɗun, ni ban ga dalilin ba wa kowa shi ba. Na uku ya wadatar da duk mai tsara maka rana. A Outlook na Microsoft ma akwai wakilci, inda zai riƙa karɓar gayyatar taro yana amsawa a madadinka.

Sai dai a kula da wani abu. A Outlook, abin da ka sa wa alamar sirri yana ɓoye wa wakilinka sai in kai ka buɗe masa. A Google kuwa, wanda ka ba cikakken ikon gyara yana ganin har abin da ka sa wa wannan alamar. Don haka ganin likita, ko zaman sulhu na cikin gida, buɗe musu wata kalanda daban wadda ba ka raba da kowa ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma shi ne shi kansa sakataren. In da kalmar sirrin oga yake shiga, ranar da wata takarda ta fita ko wani saƙo ya ɓace, wa za a fara nunawa da yatsa? Shi, kuma ba shi da abin kare kansa, domin komai da sunan oga aka yi. In da nasa asusun yake aiki, taron da ya saka yana ɗauke da sunansa, akwatin saƙon oga kuma bai taɓa ganinsa ba. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, cire sunansa kawai za a yi, ba sai an bi waya da kwamfuta ana sauya kalmar sirri cikin zargin juna ba.

Ku kuma ƙananan ma'aikata da manaja ke cewa ku buɗe masa kalandarku, matakin farko ya ishe shi sanin lokacin da zai kira ku taro.