Tera uku na sayo wa tsohuwar kwamfutata, ta nuna min ita ce babba

Kwamfutar tebur ɗin da nake aiki da ita tsohuwa ce ta gaske, ƙwaƙwalwar Core 2 Duo ce a ciki da Windows 7, had disik ɗinta gig 80 kacal kuma ya cika maƙil har layin nan na C ya koma ja. Duk sanda zan ajiye hoto ɗaya sai na zauna na yanke hukuncin wanda zan goge. Sai nace kai wannan wahala ta isa, gara na sayi babban rumbu na huta gaba ɗaya.

Na shiga intanet na nemi ajiya mafi sauri, aka nuno min wani ɗan siririn abu wai shi M.2 NVMe, kowa sai yabonsa yake. Ban tsaya tambayar kowa ba na saya. Da ya iso na ɗauko sukundireba na kwance murfin, ƙura ta yi min maraba har sai da na yi atishawa, na shiga neman inda zan soka shi. Na duba sama na duba ƙasa, na kara shi a ramin RAM ya yi masa yawa, na kara shi a wani farin rami ya ƙi, ina cikin haka ƙanwata ta leƙo, ita dama karatun kwamfuta take yi kuma wallahi ba ta ƙaunar ta ga mutum cikin rufin asiri.

Tace Yaya me kake nema? Nace ramin wannan. Ta karɓa ta juya shi, ta kalli madabod, babban allon nan da komai ke jone a jikinsa, tace Yaya Core 2 Duo a 2006 ta fito, M.2 kuwa sai wajen 2013, ramin da kake nema ba a haife shi ba lokacin da aka ƙera wannan allon. Wai akwai adafta da ake sokawa a ramin PCIe amma ko na sa, BIOS ɗin nan, wato manhajar madabod da ke fara tayar da kwamfuta, bai san NVMe ba balle ya tashi kwamfuta da shi. Nace ai na sani, gwada ki nake. Ta ce to Allah ya ba da sa'a ta fita tana dariya.

Aka musanya min da had disik na SATA mai inci 3.5, tera 3 cur, wato gig 3000. Wannan karon na duba, madabod ɗin tana da ƙananan ramukan SATA a gefe, ashe zamaninta ne ake sauya hanyar jona faifai daga IDE zuwa SATA shi yasa take da duka biyun. Tsohon faifan nawa na IDE ne, mai faffaɗar wayar nan ruwan toka kamar bel ɗin wando, fil 40, shi kuwa sabon 'yar siririyar waya mai fil 7 ce tasa. Na jona ta shiga ɗas. Na zo ba shi wuta, ana kukan targaɗe sai ga karaya: fawa saflai ɗina, akwatin da ke raba wuta, duk bakunansa farare ne masu rami 4, Molex, shi kuma sabon faifai baƙin baki mai fil 15 yake so. Na jujjuya farin nan a bayansa ta kowace fuska, har na fara tunanin ko in ɗan fere shi da reza. Adafta ce maganin, Molex zuwa SATA, 'yar guntuwar waya da ba ta kai tsawon hannu ba amma sai da ta tsayar da aikin gaba ɗaya har na samo ta.

To a nan ne na yi basira. Na lura bayan tsohon faifan akwai wata 'yar mitsitsiyar roba a kan wasu fil, jampa kenan, sabon kuma ba shi da ita. Nace lallai mantawa suka yi ba su sa masa ba, bari na ara masa. Na zare ta da farce, ta kuɓuce ta faɗa cikin akwatin kwamfutar, na ji ƙit, shikenan. Na kunna a haka, allo ya yi baƙi ya rubuto cewa babu abin da zai tashi da shi. Ashe a IDE waya ɗaya na'ura biyu take ɗauka, nawa faifan da na'urar CD suna kan waya guda, jampar nan ce ke faɗa wa kwamfuta wanne ne shugaba wanne ne mabiyi, ni kuma na tsige wa shugaba rawaninsa. SATA ba ruwansa da wannan, kowa da wayarsa. Haka na ɗaga akwatin nan sama na kifa ina girgizawa, noti ya faɗo, busasshen gizo-gizo ya faɗo, can daga ƙarshe jampa ta faɗo.

Na mayar, kwamfuta ta tashi, na buɗe Computer ina murmushi, babu sabon faifai. C kaɗai ke nan da jan layinsa yana kallona. Sai da na sauke girman kai na ƙwala wa ƙanwata kira. Ta buɗe Disk Management tace sabon faifai sai an shirya shi an yi masa fomat kafin ya bayyana, ta tafi ɗaukar waya, wani akwati ya fito yana tambayar tsarin da za a raba faifan da shi, MBR ko GPT. Ni ban san ko ɗaya ba, MBR ne aka riga aka zaɓa, na danna OK abina, na yi fomat, na kwashe dubban hotuna da takardu na tura can, aka daɗe ana tafiya.

Sai daga baya idona ya kai kan lissafin. Gig 2048 a gefe guda, gig 746 a ɗaya gefen da baƙin layi, na danna shi ya ƙi komai. Nace an cuce ni! Da ma jimillar 2794 ce ba 3000 ba, na fara shirya kalaman da zan rubuta wa mai sayarwa. Ƙanwata tace Yaya ajiye wayar, masu ƙerawa da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1024, wannan ba sata ba ce. Shi kuma 746 ɗin, MBR ne ba ya iya lissafin abin da ya wuce tera 2, GPT ya kamata ka zaɓa. Nace to a canza mana. Tace a nan sai an goge fatishan ɗin, wato ɓangaren da na zuba kayan, tukuna. Wato duk abin da na kwaso sai na mayar da shi cikin gig 80 ɗin da na gudo daga gare shi, sannan na sake kwasowa.

An yi haka, GPT ya zauna, 2794 ta fito cif. Nace madalla, yanzu sai a sa Windows a kai na jefar da wancan tsohon mai ƙurr ƙat ƙat. Tace ba zai yiwu ba, Windows ba ya tashi daga GPT sai da UEFI, magajin BIOS, taka kuwa tsohon BIOS ce, ajiya kawai zai yi maka. Kenan tsohon da na yi niyyar korar shi ne har yanzu ke tashin kwamfutar, tera uku na zaune a ƙasansa yana riƙe masa hotuna.

Washegari na kunna, allo ya tsaya wai na danna F1, agogo ya koma shekarun baya, kuma BIOS ya manta da wanne faifai zai tashi. Tace batirin madabod ne ya mutu, ɗan zagayayyen nan CR2032, canzawa kawai za a yi. Na ɗauko biro da takarda nace tsaya, kafin na saya, shi wannan na IDE ne ko na SATA?