A fara da kashe inji a bakin makaranta

Wannan kiran da ake yi wa makarantu da ma'aikatu na su rage hayaƙi ta hanyar tafiya a ƙasa, hawa keke da shiga bas ɗaya, gaskiya ina goyon baya, amma a ganina a fara da mai sauƙin tukuna. Ku je bakin get ɗin makaranta lokacin tashi ku gani, motoci a jere kowa ya bar inji a kunne wai don esi, ga yara ƙanana suna ratsawa ta baya hancinsu daidai bakin salansa, kuma yaro numfashinsa ya fi na babba sauri, huhunsa ma bai gama ƙwari ba, shi ya sa hayaƙin ya fi yi musu illa, balle mai asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska na kashe wajen mutum miliyan 7 duk shekara, ba wasa ba ne fa. A Landan makarantu da yawa ana hana motoci bin titin gabansu lokacin shiga da tashi.

Su kuma shugabannin ma'aikatu don Allah kar abin ya tsaya a liƙa fosta. Wa zai hau keke ya iso ofis sharkaf da gumi, ba wurin watsa ruwa, ba inda zai kulle keken hankalinsa kwance? A Beljiyam har kuɗi ake ba ma'aikaci kan kowace kilomita da ya yi a keke. In kuma bas ɗin ma'aikata za a kawo, to kar a kwaso tsohuwa mai tiƙar baƙin hayaƙi, an gudu ba a tsira ba kenan, a riƙa duba injinta a kai a kai.