Kamfanin layi ba ya kiranka ya nemi lambar sirri

Abin da ya sami bawan Allahn nan mai POS a Tashan Dukku ya tsaya min a rai. Wani ne ya kira shi a waya ya ce daga kamfanin layi yake, ya nemi lambar sirrinsa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne har yanzu akwai masu cewa "to ai wataƙila daga kamfanin ne da gaske". Wallahi ba daga kamfanin ba ne, ɓarawo ne.

Jama'ar Gombe, babu kamfanin layi ko na intanet da zai kira ka ya ce intanet ɗinka ya samu matsala, ka karanto masa lambobin da suka shigo wayarka yanzu. Lambobin nan OTP ne, wato lambar sirri da ake amfani da ita sau ɗaya, bankinka ne ya turo su saboda wani yana can yana ƙoƙarin shiga asusunka. Wanda kuma ya ce ka sauke manhajar AnyDesk don ya gyara maka daga ofis, wayar taka ce gaba ɗaya kake miƙa masa, yana kallon duk abin da kake dannawa.

"Ai ya san cikakken sunana." To sai me? Duk wanda ya sa lambar asusunka zai tura maka kuɗi yana ganin sunanka. "Ai da Hausa ya yi magana, har da sallama, yana ce min Alhaji." Mugu ma ya iya sallama. "Ya ce za a rufe layina saboda NIN." Tun Disambar 2020 da aka fara haɗa NIN da layi suke cin kasuwa da wannan tsoron. Kamfani ba ya neman OTP, ba ya neman PIN, ba ya neman lambar katin ATM ɗinka.

Ka kashe wayar kawai, ba rashin ɗa'a ba ne. In hankalinka bai kwanta ba ka kira 300 da kanka, a kowane layi tana kai ka wurin masu kula da abokan hulɗa. In ba su saurare ka ba, 622 ta NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa, kyauta ce. In kuma kuɗi sun riga sun fita, ka garzaya banki a rufe asusun tun kafin kunya ta hana ka, sannan ka kai ƙara, EFCC na da ofis a nan Gombe.

Don Allah ku zaunar da iyayenmu ku faɗa musu da baki, don ba duka ke karanta Facebook ba.