Inci 17 da mutuncin fasinja mai jiki

Ranar 27 ga Janairun 2026 kamfanin jiragen Southwest na nan Amurka ya sauya tsarin da masu jiki suka daɗe suna samun sauƙi da shi, kuma abin ya tsaya mini a rai. A da, wanda kujera ɗaya ba ta isarsa yakan sayi ta biyu a mayar masa da kuɗinsa bayan tafiya, ko kuma ya yi wa ma'aikacin bakin ƙofar shiga jirgi magana a ba shi kyauta. Tsarin da aka kawo a lokacin ya ce ya saya tun farko. Kuɗin ba za su dawo ba sai in jirgin ya tashi da aƙalla kujera ɗaya babu kowa, tikitin biyu ajinsu ɗaya, kuma ya nemi kuɗin cikin kwana 90.

Ga yadda ake gane wanda dokar ta hau kansa. Ba a ɗora kowa a sikeli. Hannun kujera shi ne alƙali: dole hannuwan biyu su sauka, su zauna a ƙasa har a sauka daga jirgi, jikinka kuma kada ya malala zuwa wurin maƙwabcinka. Sai bel, wanda dole ya ɗauru. In bai kai ba, ma'aikaciyar jirgi za ta ba ka ƙari mai tsawon kusan inci 25, kuma na kamfanin ake amfani da shi, ba wanda ka sayo a intanet ba. Mai amfani da ƙarin bel yawanci ba a barinsa ya zauna a layin ƙofar gaggawa. Layin farko da ke fuskantar bango ma tarko ne: akwai wurin miƙe ƙafa, amma teburin cin abinci yana cikin hannun kujerar, don haka hannun ba ya ɗagawa, mazaunin kuma ya fi matsi.

To nawa ne faɗin kujerar? A Boeing 737 kusan inci 17 ne, a Airbus A320 kusan 18. Boeing 777 da aka saba jera kujeru tara a layi, yawancin kamfanoni sun mayar da shi goma. Jirgin bai ƙara faɗi ba, an dai yanki rabon kowa. Majalisar Amurka ta umarci hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, a 2018 ta tsayar da mafi ƙarancin girman kujera, amma abin da hukumar ta fi dubawa shi ne ko za a iya kwashe mutane cikin daƙiƙa 90 in an samu hatsari.

Na yarda maƙwabci ma kuɗinsa ya biya, kuma awa biyar a takure ba wasa ba ne. Sai dai wanda ya tsuke kujerar shi ya haɗa mutum biyun nan faɗa, shi ne kuma yake karɓar kuɗi sau biyu. Kanada ta nuna akwai wata hanya: a 2008 hukumar sufurinta ta yanke cewa a tafiyar cikin gida, wanda ƙibarsa ta kai ga nakasa kuɗin mutum ɗaya zai biya a Air Canada da WestJet, in likita ya cike masa takarda. Kamfanonin sun ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraronsu.

A gida kun san yadda ake yi a mota. Ana biyan kuɗin mutum biyu, ba na musu, amma akwai “Hajiya, bari in matsa miki”, kuma babu mai kallon dattijuwa kamar kayan da suka wuce awo. A nan mutum ba ya son kafaɗarsa ta taɓa ta wani. Ba zai yi maka magana ba, maɓallin kiran ma'aikaciya zai danna, a zo a tsaya a kanka mutane suna ɗaukar bidiyo.

Iyayenmu nake ji. Ana turo musu tikiti su zo ganin jikoki, su sauka a New York ko Atlanta, su shiga ƙaramin jirgi zuwa wani gari, babu Turanci, babu ɗan rakiya. Wanda zai kawo mahaifiyarsa mai jiki ya kira kamfanin da kansa, kada ya bar wa shafin dillalai. A sa kujera ta biyu cikin rajistar tafiya ɗaya da ta farko, su kasance a jere. A faɗa mata katin shiga jirgi biyu za a ba ta, kuma ta miƙa duka biyun a bakin ƙofa, don in ba a duba na biyun ba kwamfuta za ta ɗauka mai kujerar bai zo ba, a ba wani. A sake duba lambobin kujerun kwana ɗaya kafin tafiya, saboda in an sauya jirgi sukan rabu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A rubuta mata a takarda cewa tana buƙatar ƙarin bel, ta nuna wa ma'aikaciya tun tana shiga, kafin jirgin ya cika.